Yadda ake kafa cibiyar wasanni da fasaha ta matasa a unguwa

A unguwanninmu na Bauchi, in kana son sanin inda yaro ya dosa, duba abin da yake yi daga sallame la'asar zuwa kiran magariba. Da safe yana makaranta ko shagon ubangidansa, da dare kuma ana neman sa a gida. Awa biyun nan na yamma su ne ba su da mai su. A cikinsu ake koyon zaman banza, a cikinsu ake miƙa wa yaro ƙwaya ta farko, a cikinsu 'yan sara-suka ke samun sababbin hannu. Aikin cibiyar matasa shi ne ta kama awa biyun nan ta riƙe, kullum, ba fashi. Gini da allon suna da bikin yanka kyalle duk za su iya jira.

Na yi shekaru cikin masu tafiyar da irin wannan wuri a unguwarmu, kuma rabin abin da zan faɗa a nan da kuskure muka koye shi. Ga yadda zan bi da zan sake farawa yau.

Mataki na farko: zauna a majalisarsu

Kafin ka sayi ƙwallo ko ɗaya, yi mako biyu kana zagayawa. Je teburin mai shayi, je ƙofar gidan kallo ranar da ake buga Firimiya, je kangon da yara suka mayar fili. Kada ka tafi da wa'azi, sun ƙoshi da shi. Tambaye su wa ke ajiye musu ƙwallo, wa ke raba faɗa, me ya haɗa su da yaran ƙetaren kwalbati. Za ka tarar akwai ƙungiyoyi uku ko huɗu da ba wanda ya kafa musu, kowace da kyaftin ɗinta da sunan wani kulob na Turai da suka ara. Waɗannan kyaftin ɗin su ne mutanenka na farko. Da ɗan gari akan ci gari, kuma yaron da zai gatsa maka magana ba zai musa wa kyaftin ɗinsa ba.

Ka riƙe littafi. Rubuta suna da shekaru, da makarantar da yaro ke zuwa, da lokacin islamiyyarsa, da sana'ar da yake koyo in akwai. Tambayar ƙarshe ita ce ta fi amfani: "Ban da ƙwallo, me ka iya?" Da farko dariya za su yi. Daga baya abokan ne za su tona: wannan yana zana motoci a bayan littafin lissafi, wancan yana kwaikwayon muryar duk malaman makarantarsu, ɗayan yana rubuta waƙa yana ɓoyewa. Waɗannan sunaye su ne harsashin ɓangaren fasaha.

Manufar matasa ta ƙasa ta 2019 ta ɗauki matashi daga shekara 15 zuwa 29, amma kada ka jira sai yaro ya kai 15. Raba su uku: 10 zuwa 13, 14 zuwa 17, sai 18 zuwa sama. In ka haɗa su wuri ɗaya manyan za su cinye fili, ƙananan su koma masu tsinto ƙwallo daga kwata, bayan wata guda ba za ka sake ganinsu ba.

Mataki na biyu: neman izini

Mai unguwa ne farko, kuma ba a zuwa masa kai kaɗai. Nemi dattijo ɗaya da ake jin maganarsa ya raka ka. Ranar da muka je wurin namu, bayan gaisuwa na ce, "Ranka ya daɗe, yaran nan naka muke so mu riƙa tarawa wuri ɗaya da yamma, inda ido zai riƙa ganinsu. Izini muka zo nema da albarka."

Ya yi shiru yana jan carbi, sannan ya ce, "In an kira salla fa?"

Na ce, "Usur na ƙarshe minti 15 kafin magariba ne, ranka ya daɗe."

"To in an yi faɗa, wa zan aika a kira?"

A nan na ɗan daburce, don ban shirya wannan ba. Dattijon da ya raka ni ne ya cece ni, ya ce, "Ni za a kira." Tambayoyin nan biyu su za a yi maka ko'ina, ka tafi da amsarsu a aljihu.

Daga nan sai limamin unguwa, in kuma unguwar gauraye ce kamar wajen Yalwa, ka je wa fasto ma, a rana ɗaya in zai yiwu, kada wani ya ji labari daga bakin wani. Rubuta gajeriyar wasiƙa zuwa ofishin 'yan sanda na yankin, ka ajiye kwafi mai hatimi. Ranar da za ka tara mutum 300 a gasa za ka gode wa takardar nan.

Iyaye kuwa takarda ɗaya ta ishe su, da Hausa, mai layi kaɗan: sunan yaro, lambar wayar uba ko uwa, amincewa, da tambaya ko yaron na da sikila, asma ko farfaɗiya. Kada ka ba yaro ya kai gida, da kansa zai sa hannu a bayan katanga. Ku bi gida-gida. Inda ba a shiga, a tura mace ta yi magana da uwar, domin ita ce ta san lokacin da yaro ke fita da lokacin da yake dawowa.

Mataki na uku: wuri

Wurin da ya fi sauƙi shi ne filin firamaren gwamnati bayan an tashi, da aji ɗaya na aro. Fara da hedimasta, shi zai nuna maka hanyar sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. Duk abin da aka amince a kai a rubuta: ranaku, lokaci, ajin da aka ba ku, wa zai gyara taga in ƙwallo ta fasa. Ku ɗauki alkawarin share ajin ku mayar da benci yadda kuka same su, ku kuma cika, don malamin da zai shigo da safe shi ne zai yanke muku hukunci.

Mu da fili na wani mutum muka fara, da izinin baki. Muka yi sati uku muna sassabe, muka kwashe duwatsu da kwalabe, muka cike ramuka da jar ƙasa. Wata Asabar muka zo muka tarar an sauke bulo da yashi a daidai da'irar tsakiya. Bai yi mana laifi ba, filinsa ne. Amma yara 20 suka watse a makon, kuma sai da muka yi wata biyu kafin mu dawo da su.

Mataki na huɗu: kwamiti, kuɗi da rajista

Kwamitin mutum 7 ya isa: dattijo ɗaya a matsayin uba, mace aƙalla ɗaya, malamin makaranta ɗaya, sauran matasa. Ma'aji daban, mai rubuta kuɗi daban, kuma kada su zama 'yan gida ɗaya. Kowane yaro ya riƙa kawo ɗan abu a mako, ko naira 50 ce. Ba don ta isa komai ba, don wanda ya sa kuɗinsa a ƙwallo ba ya barin ta ta kwana a waje. Wanda ba shi da shi ya biya da aiki, ɗebo ruwa ko zuba layi, kuma kada a faɗi sunansa a bainar jama'a. Ƙarshen kowane wata a rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita a allo inda kowa zai gani. Ƙungiyoyin unguwa da yawa kuɗi ne ya kashe su, kuma sau da yawa ba ma sata aka yi ba, zargi ne kawai da ba a samu takardar da za ta kashe shi ba.

Batun rajista, kada ka fara da babbar. Yi ta ƙaramar hukuma ko ta ma'aikatar matasa da wasanni ta jiha, ta ishe ka shekarar farko. Sai in kun kai ga neman tallafi ko buɗe asusun banki da sunan cibiya za ku je hukumar rajistar kamfanoni, CAC. Dokar kamfanoni ta 2020 tana neman amintattu aƙalla biyu, da tsarin mulki a rubuce, da sanarwa a jaridu biyu, sannan a jira kwana 28 ko wani zai kawo ƙorafi. Banki kuma zai tambaye ku lambar haraji da takardar SCUML, sashen yaƙi da halasta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC. Abu ne mai cin lokaci, shi ya sa ba a tsayar da wasa don jiransa.

Mataki na biyar: shirya fili da sayen kaya

Yara ba sa buƙatar cikakken fili. Mita 60 a tsaye da 40 a kwance ya isa bakwai-bakwai, kuma a ƙaramin fili kowa na taɓa ƙwallo, abin da ke riƙe yaro ke nan. Ku ja igiya ku zuba layi da toka ko farar ƙasa. Raga ta yara mita 5 faɗi da 2 tsawo ta isa, ta manya kuwa 7.32 da 2.44 ce. Ko mai walda ne ya haɗa muku ita da bututun ƙarfe, ku binne ƙafafun a siminti. Yara na lilo a kan sandar sama, kuma ragar da ba a kafe ba in ta faɗo a kan yaro ba a maganar targaɗe.

Ƙwallo lamba 4 ga 'yan ƙasa da 13, lamba 5 ga manya. Sayi biyu masu kyau maimakon biyar masu araha, ka haɗa da famfo da allurarsa biyu, domin allurar ce ke ɓacewa. Jesi ba dole ba ne yanzu. Rigunan gwanjo launi biyu sun isa.

Kada ƙwallon ƙafa ta cinye komai. Filin ƙwallon raga mita 18 da 9 ne kacal, raga tsawon mita 2.43 ga maza, 2.24 ga mata, kuma ba a gogayyar jiki a cikinta, shi ya sa iyaye ke saurin yarda. Teburin ƙwallon tebur mita 2.74 da 1.525 ne, tsayinsa santimita 76, kafinta zai iya yi muku da katako mai santsi, kuma shi zai riƙe muku yara a baranda in damina ta sauka. Langa ba ta cin ko kwabo, a zaɓi ruwa a nuna wurin sha, shi ke nan. Dara kuma rami 30 ne a ƙasa da 'ya'ya 12 kowane gefe, kuma ita ce ke jawo dattawa su zauna bakin fili. Zaman dattijo biyu a kan tabarma ya fi mai gadi.

Kokawa da dambe fa? Kokawa na yarda da ita, a kan yashi, da babba a tsaye. Dambe ban ba da shawara ga 'yan ƙasa da 18 ba, duk da na san wasu za su ce gadonmu ne. Duka ne a kai, kuma ba ku da likita a fili.

Mataki na shida: jadawali

Nan ne cibiya ke rayuwa ko ta mutu. Yawancin islamiyyu na yamma suna hutu Alhamis da Juma'a, makarantun allo ma haka, to waɗannan ranaku na ƙananan yara ne da almajirai. Manya su ɗauki Litinin zuwa Laraba. Asabar da safe ta fasaha ce. Kada ku sa komai Lahadi da safe in kuna da yara Kirista. In ka yi karo da lokacin islamiyya, kai ne za ka sha ƙasa, kuma daidai ne.

A fara ƙarfe 4:15, a kira suna, minti 10 na ɗumama jiki, minti 25 na koyon abu ɗaya tak, kamar tsayar da ƙwallo ko miƙa ta da ƙafar hagu, sauran lokaci wasa. Ko yara uku ne suka zo, a buɗe. Ko koci bai zo ba, a buɗe. Yaro in ya zo sau biyu ya tarar da kwaɗo a ƙofa, ya koma majalisa ke nan.

A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke kai maƙura, a ja farawa zuwa ƙarfe 5, a tsaya shan ruwa duk minti 20. Da azumi a sauke ƙwallo ko a mayar da ita bayan asham in akwai haske, a ba fasaha fili.

Masu koyarwa ba sai ka biya su albashi ba, amma ka biya musu kuɗin mota. Garin nan cike yake da tsofaffin 'yan wasa. Bauchi ta karɓi gasar wasanni ta ƙasa a 1991 da 2000, filin wasa na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya ga gasar duniya ta 'yan ƙasa da 20 a 1999 da ta 'yan ƙasa da 17 a 2009, Wikki Tourists kuma ta ci kofin ƙalubale a 1998. Mutanen da suka yi gudu, suka buga, suka busa usur a waɗancan shekaru suna nan cikin unguwanni, wasu na zaune ba wanda ya taɓa tambayarsu komai. Je ka gaishe su ka ce, "Baba, yaranka na neman wanda zai nuna musu." Masu yi wa ƙasa hidima suna da rana ɗaya a mako ta aikin al'umma, rubuta wa ofishinsu na ƙaramar hukuma. Ɗaliban jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) da na kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Gwallameji su ma akan samu masu son koyar da zane ko ɗaukar hoto.

Mataki na bakwai: ɓangaren fasaha

Zan daɗe a nan, domin nan ake yin sakaci. Ƙwallo tana tara yara da kanta. Fasaha sai an tallata ta, kuma ita ce ta fi kusa da sanya kuɗi a aljihun yaro. Cikin yara 100 da ke buga ƙwallo a filinka, da wuya ɗaya ya ci abinci da ita. Mai rubutun allo da mai ɗinkin hula da mai lalle kuwa kasuwarsu na nan a Wunti da Muda Lawal, da kowane gidan biki.

Fara da abin da ke haɗa ɓangarorin biyu: buga lamba da suna a jikin riga. Kayan aikin kaɗan ne. A samo tsohuwar takardar hoton ƙashi ta asibiti ko kwali mai ƙarfi, a zana lambar a kai, a yanke ta da reza a kan katako. Lambobi masu ciki kamar 6 da 8 da 9 da 0 sai an bar 'yar gada siririya da za ta riƙe tsakiyar, in ba haka ba cikin ya faɗo. A zura kwali cikin rigar don kada fenti ya ratsa, a ɗora abin da aka yanke, a danne. A tsoma soso cikin fentin yadi, a fara matse shi a gefe har ya kusa bushewa, sannan a riƙa dangwalawa daga sama, ba gogawa ba. Wanda ya goga, fentin zai shige ƙarƙashi lambar ta yi gemu. In ya bushe a juya rigar a yi mata guga.

Akwai wani yaro da muke da shi, siriri, ba ya magana, wanda duk ƙungiya ke ƙin ɗauka domin ƙwallo na wuce shi kamar ba ya nan. Ranar da aka ba shi reza ya yanke lamba 8, sai da muka zagaye shi. Ya sa harshe a gefen baki, yana juya takardar maimakon juya hannunsa, ya fitar da ita sumul ba tsini ko ɗaya. Shi ya buga rigunan ƙungiyoyin unguwar duka a shekarar, kyaftin ɗin da ke ƙin ɗaukarsa suka koma bin sa suna cewa a yi musu nasu kafin Juma'a. Ka'idar da muka sa ita ce kashi biyu na kuɗin aiki na mai aiki ne, kashi ɗaya na sayen fenti.

Wasan kwaikwayo kuma kada ka rubuto musu daga gida. Tara su ka ce kowa ya ba da labarin abin da ya gani da idonsa a unguwa, a zaɓi ɗaya, a raba shi fitowa uku: yadda abin ya faro, yadda ya rikice, yadda ya ƙare. Minti 15 ya isa. Su ƙirƙiro maganganun da bakinsu, kai naka shi ne tsayar da su in sun juya wa 'yan kallo baya ko suna magana su uku a lokaci ɗaya. Doka biyu: ba a kwaikwayon mutumin da za a gane a unguwa, ba a yi wa wata ƙabila ko addini dariya. Azumi lokaci ne mai kyau, domin tashe na farawa daga goma ga wata, kuma yaran sun riga sun san salon. Bambancin kawai a yi shi a harabar cibiya, a tashi da wuri.

Masu waƙa a koya musu abin da suke yi da ka ba su san sunansa ba: baiti, ƙwar biyu da ƙwar biyar, amsa-amo, amshi. Sa kowa ya kawo baiti biyar a mako a kan abu ɗaya, ya karanta a tsaye. Wasu za su so salon zamani mai kiɗan kwamfuta, kada ka hana, amma ka ce sai an ga rubutun a takarda tukuna. Wanda ke da kyawun hannu a tura shi wurin mai zayyana ya koyi adon allo.

Ɗaukar bidiyo da waya darasi uku ne a farko: a kwantar da wayar, rana ta kasance bayan mai ɗauka, a matso kusa don murya ta fita. Ba a sa hoton yaro a Facebook ko TikTok sai da yardar iyayensa, na 'yan mata kuwa ni na fi son kada a sa gaba ɗaya.

Mataki na takwas: 'yan mata

In ka ce "kowa ya zo," maza ne za su zo. 'Yan mata sai an ware musu rana da wuri mai katanga, da mace babba da iyaye suka sani wadda za ta zauna daga farko har ƙarshe, kuma a tashi da sauran rana. Ranar tasu ba namijin da zai tsaya leƙe a taga, ko ɗan kwamiti ne. Lalle da saƙa da ɗinki su ne ƙofar shiga, don su uwa za ta fi saurin amincewa da su. Amma kada a tsaya nan. Ƙwallon raga da ƙwallon tebur da gaɗa duk suna yi da hijabinsu da dogon wando, kuma na ga yarinyar da ta zo koyon lalle ta koma ba mai iya tare bugunta.

Mataki na tara: lafiya da amana

Akwatin taimakon gaggawa ya kasance a fili, ba a gidan ma'aji ba: bandeji, auduga, filasta, maganin wanke ciwo, safar hannu, da ƙullin gishiri da sukari na kemis. In babu, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Targaɗe a sa ƙanƙara a cikin tsumma minti 15 zuwa 20, a ɗaure, a ɗaga ƙafar. Ba a murza shi da man zafi a ranar. Yaron da ya bugu a kai ya ji jiri ya gama wasa a ranar ko da ya rantse ya warke, in ya yi amai ko ya rikice sai asibiti. Wanda zafi ya kayar a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki, a yi masa fifita, kuma ba a ɗura wa wanda ya suma ruwa a baki. Mai farfaɗiya a kawar da abin da zai buge shi, a kwantar da shi a gefe in ta lafa, kada a cusa masa cokali.

Doka ɗaya ba ta da togiya: babba ba ya keɓewa da yaro a ɗaki a rufe, ko wane ne shi, kuma ba koci da zai kira yaro gidansa. Faɗe ta a gaban kowa tun ranar farko, don kada wanda aka tuna wa daga baya ya ga kamar shi ake zargi.

Yaron da ya zo a buge fa? Ba ya wasa a ranar, amma kada a kore shi. Ya zauna a benci kusa da kai, gobe ya dawo. In ka kore shi ka mayar da shi hannun masu sayar masa. Wanda ya zo da wuƙa kuwa maganarsa ta wuce koci, ta dattijon kwamiti ce da iyayensa.

Mataki na goma: gasa da ranar nuni

Bayan wata uku a shirya gasa. Kada a yi ta sili-ɗaya-ƙwale, domin rabin yaran za su fita a ranar farko su koma 'yan jifa. A yi ta kowa-da-kowa: ƙungiya 6 wasa 15 ke nan, wasa 3 a mako, mako 5. Maki 3 ga nasara, 1 ga canjaras. Alƙalin wasa ya fito daga wata unguwa. A tantance shekaru da takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya ko rajistar makaranta kafin a fara, ba ranar wasan ƙarshe ba, don ba a fafe gora ranar tafiya. Yaro ya saba da gaskiyar shekarunsa tun yanzu. Tun 2009, don gano shekaru, ake duba ƙashin wuyan hannu da na'ura a gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17, kuma gasar matasa ta ƙasa ta 'yan ƙasa da 15 ce.

Ranar ƙarshe a haɗa komai. A rataye zane da huluna a igiya, a yi wasan kwaikwayo kafin a take ƙwallo, a karanta waƙa a hutun rabin lokaci, a ware wa iyaye mata rumfa. Kyauta ta zama abin amfani, takalmi ko kayan aiki, kuma a ba mai zane irin abin da aka ba mai cin ƙwallo.

Daga ranar nan baƙi iri biyu za su fara zuwa. Na farko ɗan siyasa ne da jesi mai hotonsa. Karɓi ƙwallo, karɓi raga, ka yi godiya a bainar jama'a, amma hotonsa ba ya hawa ƙirjin yaranka, kuma ba a kwashe su a mota zuwa taro. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma askin nan mun san irinsa a garin nan. Na biyu shi ne mai cewa zai kai yaro gwaji Turai in iyaye sun kawo kuɗin biza. Dokar FIFA ta hana cinikin ɗan ƙasa da 18 zuwa wata ƙasa sai da wasu 'yan sharuɗɗa, kuma kulob na gaskiya ba ya karɓar kuɗin uban yaro. Tura shi hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha ya kawo takarda. Yawanci ba ya dawowa.

Mataki na ƙarshe: miƙa makulli

Daga wata na shida ka fara cire hannunka. Zaɓi matasa huɗu daga rukunin manya, biyu daga fili biyu daga fasaha, ka ba kowa aiki mai suna: mai makullin akwatin kaya, mai littafin kiran suna, mai jadawalin gasa, mai kula da fenti da reza. Kowane ɗan shekara 18 ya ɗauki ƙananan yara biyar da zai san gidajensu, in ɗaya ya yi fashi sau biyu a jere ya je ya tambayo lafiya. Za su yi kuskure. Namu mai makullin ya ɓatar da shi a makonsa na biyu, muka fasa kwaɗo, aka cire kuɗin sabo daga aljihunsa a hankali, makullin kuma aka sake miƙa masa.

Sannan ka zaɓi wata Alhamis ka ƙi zuwa, ba tare da ka sanar da kowa ba. Washegari ka buɗe littafin kiran suna ka duba ko an rubuta kwanan watan jiya, ka ƙirga ƙwallayen da ke cikin akwati, ka tambayi mai shagon da ke kallon filin ƙarfe nawa ya ji usur na ƙarshe.